Taku da Zullumi a Wasannin Talbijin na Gawa Mai Tafiya: Abin da Marubucin Wasan Hausa Zai Tsinta

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1962 da aka buɗe gidan talbijin na Kaduna, wasan kwaikwayo ya samu sabon dandali a ƙasar Hausa, bayan na rediyo da na makarantu. Galibin wasannin da suka yi tashe daga baya, irin su Samanja Mazan Fama da Karkuzu, labarin kowane mako yakan ƙare ne a makonsa, watau mai kallo ba ya kwana da wata tambaya a ransa. Yanzu kuwa al'amarin ya sake. Wasanni masu dogon zango, waɗanda labari ɗaya yake ratsa su mako bayan mako har tsawon shekaru, su ne suka fi ɗaukar hankalin jama'a. Wannan sauyi ya zo da tasa matsalar, watau yadda marubuci zai riƙe zuciyar mai kallo duk tsawon wannan lokaci ba tare da ya gundure shi ko ya yaudare shi ba.

Domin tattauna wannan matsala, za mu duba wani rukuni na wasannin ƙetare inda ta fi fitowa fili. Su ne waɗanda Turawa suke kira wasannin zombi, mu kuwa a wannan takarda za mu kira su wasannin gawa mai tafiya. Dalilinmu na zaɓensu biyu ne. Na farko, abin tsoron da ke cikinsu ba ya magana, ba ya dabara, halinsa kuma ba ya sakewa, saboda haka nauyin riƙe mai kallo gaba ɗaya yana kan yadda marubuci ya tsara lokaci. Na biyu, wasannin sun riga sun iso mana, domin kuwa matasa a garuruwa irin su Funtua da Malumfashi suna samun su a wayoyinsu daga shagunan tura finafinai, kamar yadda suke samun na Indiya.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, tsoron da ke cikin waɗannan wasanni a jira yake, kuma jiran ba ya kama zuciya sai mai kallo ya san ƙa'idar haɗarin, ya san wa'adinsa, ya kuma san abin da za a rasa. Za mu nuna cewa adabinmu ya daɗe da sanin wannan dabara, sa'an nan mu duba abin da take nufi ga marubucin da yake rubuta wa jama'ar wannan yanki.

2.0 Asalin Gawa Mai Tafiya

Kalmar zombi ta shahara ne daga ƙasar Haiti ta yankin Karibiyan, inda aka kai bayi daga Afirka domin noman rake. A camfin mutanen wurin, boka yana iya tayar da mamaci daga kabari, ya raba shi da hankalinsa da nufinsa, ya sa shi bauta a gona ba lada ba hutu. Ashe ke nan tun asali tsoron bawa ne, watau kada mutuwa ita ma ta kasa 'yanta shi. Labarin ya bazu a Amurka a lokacin da sojojinta suka mamaye Haiti, daga 1915 zuwa 1934, kuma a 1932 aka yi fim ɗin White Zombie, inda ake ganin irin waɗannan matattu suna juya injin matse rake.

A shekarar 1968 George Romero ya sake wa labarin kama a fim ɗinsa Night of the Living Dead. Ya cire boka, ya mai da matattun masu cin naman masu rai, wanda duk suka ciza shi ma ya mutu ya tashi ya bi sahunsu. Mutum bakwai ne suka fake a wani gidan gona tsawon dare ɗaya, matattu suna ƙaruwa a waje, su kuwa a ciki suna gardama a kan ko su tsaya su kare ƙofofi ko su sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wannan zubi na mutane kaɗan a wuri ƙuntatacce, haɗari a waje, rashin jituwa a ciki, shi ne wasannin talbijin suka gada. Mafi shahararsu shi ne The Walking Dead na Amurka, wanda aka nuna daga 2010 zuwa 2022, zango 11, kashi 177.

Ya kamata mu lura cewa wannan halitta baƙuwa ce a tunanin Bahaushe. Bahaushe ya san fatalwa, ya san maye da ake cewa yana kama kurwar mutum har ya rame ya mutu, ya kuma san Dodo na tatsuniya. Amma gawa da jikinta tana yawo cikin ayari, wannan ba ta da gurbi a al'adar da ake yi wa mamaci sutura a kai shi makwanci tun a ranar da ya cika, kuma aƙida ta tabbatar da cewa ba ya tashi sai ranar alƙiyama. Saboda haka ba muna kira ba ne a shigo da gawar cikin wasanninmu. Dabarar tsara lokaci ita ce abin nazarinmu.

3.0 Ma'anar Taku, Firgita da Zullumi

Mun aro kalmar taku ne daga hawan doki. Mahayin da ya san aikinsa ba ya sukuwa tun daga ƙofar gida har inda za shi, domin dokin zai gaji, shi ma ya gaji. Yakan fara da tafiya, ya shiga sassarfa, ya yi sukuwa inda ya dace, sa'an nan ya yi zamiya. Abin da muke nufi da takun labari shi ne yadda marubuci yake raba saurin aukuwar abubuwa da jinkirinsu, a cikin fitowa ɗaya, da kashi ɗaya, da kuma zango baki ɗaya.

Firgita da zullumi kuwa, ko da yake duka 'ya'yan tsoro ne, akwai bambanci babba a tsakaninsu. Alfred Hitchcock, gwanin finafinan fargaba, ya bayyana bambancin a hirarsa da François Truffaut a 1962 da misalin bom a ƙarƙashin tebur. Idan mutane suna hira bom ya tashi ba wanda ya san da shi, mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙoƙi. Idan kuwa an nuna masa bom ɗin tun farko, an nuna masa agogo, to hirar banza ma za ta riƙe shi minti goma sha biyar. Mu kwatanta da abin da ya fi kusa da mu. Mace ta miƙa hannu cikin rumbu za ta ɗebo dawa, maciji ya sare ta: wannan firgita ce. Amma in mun ga shigar macijin da hantsi, sa'an nan aka nuna mu muna kallonta tana wanke-wanke, tana yi wa yaro faɗa, tana neman ƙwarya, tana nufo rumbun, to duk wani taku da ta yi a ƙirjinmu yake sauka. Wannan shi ne zullumi.

Abin lura a nan shi ne, jahilcin mai kallo ne yake haifar da firgita, saninsa kuwa shi yake haifar da zullumi. Firgita tana tsufa da wuri, domin in aka yi wa mutum ita sau uku, ta huɗu ba za ta kama shi ba. Wasan da zai yi kashi ɗari ba zai rayu da ita ba.

4.0 Sharuɗɗan Zullumi

4.1 Sanin ƙa'idar haɗari

Sharaɗi na farko shi ne mai kallo ya san yadda haɗarin yake aiki, domin ya riƙa lissafi tare da 'yan wasa. A The Walking Dead matattun a hankali suke tafiya, ƙara tana jawo su, ɗaya ba abin damuwa ba ne, amma ayarinsu halaka ne. Da zarar mai kallo ya haddace waɗannan ƙa'idoji, ƙarar bindiga ɗaya ko kukan jariri sun isa su tayar masa da hankali, ko da ba a nuna gawa ko ɗaya ba. Har wa yau, cizonsu ba nan take yake kisa ba, zazzaɓi yakan biyo baya na wani lokaci. A zangon farko an ciji wani mai suna Jim, ya ɓoye, aka gano, jama'a suka shiga muhawara a kan abin da za su yi da mutumin da har yanzu ɗan'uwansu ne amma gobe maƙiyinsu ne, har daga ƙarshe suka bar shi a gindin bishiya bisa roƙonsa. Jinkirin cutar shi ne ya ba da filin wannan muhawara.

Akwai kuma wasannin da suka zaɓi masu gudu, kamar All of Us Are Dead na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2022 da kashi 12, inda annobar ta ɓarke a wata makarantar sakandare. A nan wanda aka ciza nan da nan yake rikiɗa, saboda haka ba filin doguwar muhawara. Sai marubutan suka mai da zullumin kan wuri: ɗalibai sun maƙale a aji, suna hangen wani ɗaki da ba shi da nisa, amma baranda cike take. Ko wace ƙa'ida aka zaɓa, abin da ake bukata shi ne a bayyana ta da wuri, a kuma tsaya a kanta.

4.2 Wa'adi

Sharaɗi na biyu shi ne wa'adi, watau lokacin da kowa ya san abin zai auku. Wasan da ya fi gwaninta a nan shi ne Kingdom, shi ma na Koriya ta Kudu, wanda Kim Eun-hee ta rubuta, zangon farko ya fito a 2019 da kashi shida, na biyu a 2020 shi ma da kashi shida. An gina shi a zamanin sarakunan Joseon. Matattunsa sukan kwanta da rana kamar kowace gawa, su tashi in rana ta faɗi. Da wannan ƙa'ida ɗaya marubuciyar ta mai da ranar sama agogo. Duk aikin da ake yi da rana, ko ƙona gawarwaki, ko kafa shinge, ko shawo kan hakimin da bai yarda da labarin ba, tsere ne da inuwa. A fada kuma akwai wa'adi na biyu, domin sarki ya riga ya mutu, amma dangin sarauniya suna ɓoye al'amarin har ta haihu su samu magaji.

A ƙarshen zangon farko masu tsaron gari suka kwana a bakin shinge, matattu ba su zo ba. Gari ya waye, aka sauke numfashi, sai ga ayarin ya ɓullo. Ashe zafi suke gudu, ba hasken rana ba, ga shi kuma sanyi ya shigo. Wannan bai saɓa wa abin da muka faɗa a 4.1 ba, domin ƙa'idar tana nan yadda take, fahimtar mutane ce ta gaza, kuma mai kallo in ya waiwaya zai ga bayanin ya dace da duk abin da ya gani a baya.

Wa'adi ba baƙon abu ba ne a adabinmu. A labarin Bayajida, macijin rijiyar Kusugu ta Daura ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, saboda haka baƙon da ya iso da dare yana neman ruwa ya riga ya shiga rigima tun bai ga macijin ba. A littafin farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa, aku yana riƙe Musa ɗan sarki da labari kowane dare har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Jinkiri ne tsantsa, amma mai karatu ba ya gajiya, domin ya san abin da ke jiran Musa a waje, ya kuma san cewa in labarin ya ƙare kafin asuba an shiga uku.

4.3 Sanin abin da za a rasa

Sharaɗi na uku shi ne mai kallo ya damu da wanda haɗarin zai faɗa wa. Wannan shi ne amfanin wuraren da labari yake lafawa, waɗanda wasu suke ɗauka ɓata lokaci ne. A kashin farko na The Last of Us, wanda ya fito a 2023, inda wani nau'in naman gwari ne yake mamaye jikin mutane, an ɗauki lokaci mai tsawo ana bin wata yarinya mai suna Sarah a yininta na yau da kullum: karin kumallo, makaranta, kai agogon mahaifinta gyara domin ranar haihuwarsa. A daren nan ta mutu a hannunsa. Duk abin da mahaifin ya aikata a sauran wasan, daga wannan yini ya samo nauyinsa.

Mai tatsuniya ta san wannan sarai. Ba ta fara da Dodo. Takan fara da yarinyar da kishiyar uwarta, da aiken da aka yi mata, sai yara sun shaƙu da ita tukuna. In Dodo ya shigo yana shinshina yana cewa yana jin warin mutum, yaran sun san inda aka ɓoye ta. Waƙar da ake maimaitawa a tsakiyar tatsuniya ita ma ma'auni ce, domin kowane maimaici yakan zo ne bayan haɗarin ya ƙara matsowa. Maimaicin da ba ya tafe da irin wannan matsowa, barci yake sa yara.

5.0 Bashin da Mai Kallo Yake Bin Marubuci

Duk lokacin da marubuci ya sa mai kallo jira, bashi ya ci, kuma wajibi ne ya biya. Za mu kawo misalai biyu daga The Walking Dead, ɗaya an biya, ɗaya an yi taurin bashi.

A zango na biyu, a 2011, wata yarinya mai suna Sophia ta ɓace a kashin farko. Jama'ar suka sauka a gonar wani dattijo mai suna Hershel suna nemanta, mako bayan mako, har masu kallo da yawa suka koka da cewa wasan ya tsaya cik. A ƙarshen kashi na biyar aka bayyana cewa dattijon ya tara matattu ya kulle a rumfar ajiyar gonarsa, cikinsu har da matarsa, domin a ganinsa marasa lafiya ne da wata rana za a samo musu magani. Yanzu mai kallo yana riƙe da zare biyu, neman yarinya da rumfar da ke kulle, bai kuwa san zare ɗaya ba ne. A kashi na bakwai aka fasa ƙofar, aka harbe waɗanda suka fito, wuri ya yi tsit, sai ga Sophia ta fito a ƙarshe, a gaban mahaifiyarta. Duk kwanakin da aka yi ana bincike a daji, tana nan kusa da inda suke kwana. Da an gano ta a kashi na biyu, da fitowar ba ta yi wannan nauyi ba. Jinkirin shi ne jarin, an kuma biya shi da riba.

Misali na biyu daga zango na shida yake. A kashi na uku an nuna kamar matattu sun cinye Glenn, ɗaya daga cikin taurarin wasan, sai a kashi na bakwai aka nuna ashe ya tsira a ƙarƙashin wani babban kwandon shara. Sa'an nan a kashin ƙarshe, a watan Afrilu na 2016, wani mugu mai suna Negan ya durƙusar da taurarin a gabansa, ya zaɓi ɗaya ya kashe, amma aka ƙi nuna ko wane ne, sai a watan Oktoba, bayan fiye da wata shida. A nan an juya ƙa'idar zullumi ne a bai-bai. Duk waɗanda suke wurin sun ga wanda aka kashe, mai kallo kaɗai aka rufe wa ido. Wannan jan rai ne, domin jiran daga ofishin masu shirya wasan ya fito, babu abin da ya wajabta shi a cikin labarin. Kimanin mutum miliyan 17 suka kalli kashin da ya ba da amsa a Amurka, daga nan kuwa yawan masu kallo ya riƙa raguwa, har kashin ƙarshe na 2022 bai kai miliyan uku ba a daren da aka nuna shi. Akwai wasu dalilai, kamar tsananin ta'asar da aka nuna a wannan kashi, da komawar mutane kallo ta intanet, amma ƙorafin da aka yi a kan wannan yankan labari sananne ne.

6.0 Mai Kallo na Ƙasar Funtua da Malumfashi

Bari yanzu mu dawo gida mu duba wanda ake rubuta wa. Wannan yanki na kudancin Jihar Katsina ƙasar noma ce, ta auduga da masara da dawa, kuma Funtua tana cikin wurare uku, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin raya aikin gona da taimakon Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Manomi kuwa ba a koya masa jira. Ya san jiran ruwan shuka, ya san fargabar ɗaukewar ruwa ana tsakiyar damina, ya kuma san bambancin jiran da yake da ranar girbi da wanda ba shi da ita. Irin wannan mutum ba ya ƙin labari don yana tafiya a hankali, in dai ya ga inda aka dosa.

Daɗin daɗawa, a shekarun baya-bayan nan jama'ar yankin sun san wani jiran mai ɗaci. Hare-haren 'yan bindiga sun addabi ƙananan hukumomi irin su Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, kuma a watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye suka yi kusan mako guda suna jira kafin a sako su. Tambayoyin da wasannin gawa mai tafiya suke ginuwa a kansu, watau a tsaya ko a gudu, a buɗe wa baƙo ƙofa ko a ƙi, wa zai yi gadi, wa ake zargin yana kai rahoto, tambayoyi ne da aka yi su da gaske a zaurukan ƙauyukanmu. Wannan yana ɗora wa marubuci nauyi biyu. Ba zai iya ruɗin irin wannan mai kallo da tsoron ƙarya ba, kuma bai kamata ya mai da raunin da bai warke ba abin nishaɗi ta hanyar baje jini a gaban kyamara ba. Zullumi yana ba shi mafita, tun da yake yana aiki ne ba sai an nuna ta'asa ba.

Akwai kuma batun aljihu. Wanda yake kallon wasa a YouTube da kuɗinsa yake sayen data, wanda yake zuwa shago kuma biya yake yi a tura masa. Kashin da aka cika da gaisuwa da tafiyar mota da maimaita abin da aka riga aka sani, kuɗin talaka ya ci.

7.0 Darasi ga Wasanninmu Masu Dogon Zango

Tashar Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa a 2015, Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019, a 2020 kuma aka samu Labarina na Aminu Saira da Izzar So wanda ya fito a tashar Bakori TV ta YouTube. Waɗannan sun tabbatar da cewa Bahaushe yana iya bin labari ɗaya shekara da shekaru. Kwana Casa'in ma sunansa kansa wa'adi ne. Amma nasarar irin waɗannan wasanni ita ce take jawo jarabar tsawaita labari bayan ya kai inda ya kamata ya tsaya, wadda ita ce ta kama The Walking Dead, da ya fara da kashi shida a zango, ya koma 13, ya koma 16, ya ƙare da 24.

Daga abin da ya gabata muna iya ba da shawarwari kamar haka:

(a) Kafin a fara ɗaukar zango, marubuci ya san ranar da zai biya kowane bashi da ya ci, ya kuma rubuta ƙarshen tun da wuri.

(b) Kowane kashi ya amsa tambaya ɗaya daga cikin tsofaffi kafin ya ɗaura sabuwa.

(c) A fi yawaita sanar da mai kallo abin da ɗan wasa bai sani ba, a rage ɓoye masa abin da kowa a cikin labarin ya sani.

(d) Duk fitowar da labari ya lafa a cikinta, a tambaya: me ta ƙara wa abin da za a rasa? In ba amsa, a cire ta.

Game da jigo kuwa, tarihinmu ya wadatar. Farin 1973 da annobar sanƙarau ta 1996 haɗura ne masu ƙa'ida da wa'adi, marasa magana, kamar dai gawa mai tafiya. Alal misali, a ɗauki ƙauyen da masararsa ta rage kwana goma a girbe, ga saƙo ya zo cewa kada kowa ya shiga gona sai an biya wasu kuɗi. Mai gari yana da ra'ayi, limami yana da nasa, matasa suna da nasu, akwai wanda ya ci bashin taki, akwai wanda ya sa ranar auren 'yarsa bayan girbi. Kashi goma, kowane kashi kwana ɗaya. Ana iya kammala wannan wasa ba a nuna fuskar ɗan bindiga ko sau ɗaya ba, mai kallo kuwa ba zai tashi ba.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun bambanta firgita da zullumi, mun nuna cewa zullumi yana tsayawa ne a kan sanin ƙa'idar haɗari da wa'adinsa da abin da za a rasa, kuma jinkiri bashi ne da mai kallo yake bin marubuci. Mun kuma ga cewa abin da Kim Eun-hee ta yi da faɗuwar rana, Abubakar Imam ya yi shi da fitowar alfijir tun a shekarun 1930, masu tatsuniya kuwa sun riga shi.

Saura aiki ga manazarta. A nazarin wasan kwaikwayo mun fi mai da hankali ga jigo da salon harshe da taurari, ga shi kuwa taku abu ne da ake iya aunawa. Muna ba da shawarar ɗalibanmu na kwalejojin ilmi da jami'o'i su ɗauki zango guda na wani wasan Hausa, su ƙidaya mintocin kowace fitowa, su rubuta kashin da aka ɗaura kowace tambaya da kashin da aka warware ta, sa'an nan su kwatanta sakamakon da tatsuniyar da suka ɗauko daga bakin wata tsohuwa a Bakori ko Ƙafur. Irin wannan aiki zai ba mu ma'aunin da za mu riƙa yi wa wasanninmu hukunci da shi, ya kuma ba marubutanmu abin da za su duba kafin su ƙara wa labari wani zango.